Marsandi 380SL ta shekara 14 a gareji: nawa zan taya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Magada ne suka fitar da motar mahaifinsu, Marsandi 380SL ƙirar 1982, mai ƙofa biyu da ake cire wa rufi. Dillali ya ce naira miliyan 20 ba ragi, wai shekararta 14 a lulluɓe cikin gareji, mita kuma 61,000 kacal ta nuna. Har ya buɗe mini irinta a waya, ana neman maƙudan daloli a Amurka. Raina ya biya, amma kuɗin nan na daɗe ina tarawa, ina tsoron in zuba su a rijiya. Yaya zan gane farashin adalci? Mai karatu daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya, kuma abin da dillalin ya fi yi maka talla da shi, wato daɗewarta a ajiye, shi ne babban dalilin neman ragi.

Fara da tabbatar da ko wace ce. Lambar shasin 380SL ta Turai tana ɗauke da 107045, ta Amurka kuma tana farawa da WDBBA45. Lambar injin ta fara da 116. Idan fitilun gaba zagayayyu ne guda huɗu, bamba kuma ta yi tsini waje sosai, 'yar Amurka ce, mitarta mil take ƙirgawa, don haka 61,000 ɗin ta haura kilomita 98,000. Ita ma mitar kada ka rantse da ita. Ƙaramin haƙorin roba ne ke juya ta, yakan karye da tsufa, lambobi su tsaya cak mota tana ta tafiya. Robar takun birki da gefen kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Maganar "ajiyayya ce, kamar sabuwa" kuwa, kullum ana jin ta a bakin dillalai, kuma ita ce ke kai mutane gareji da asibiti. Mota ba gwal ba ce da za a kulle a akwati a zo a same ta yadda aka bar ta. Zama yana cin ta fiye da tafiya. Fetur ɗin da ya shekara 14 a tanki ya zama danƙo. Wannan motar ba kafireto gare ta ba, tsarin Bosch K-Jetronic ne, wanda ke da wani marabin mai a saman inji mai sanda siririya a ciki, ƙaramin datti ya ishe ta ta maƙale. Danƙon nan zai bi famfon mai, ya bi marabin, ya toshe nozul takwas. Man birki yana shan danshi, sai fistin birki su yi tsatsa su kafe, tiyon birki kuma ya kumbura ta ciki alhali a waje lafiya lau yake. Za ka taka sau biyu ya kama, na uku ƙafarka ta tafi ƙasa. Tiyon fetur da ya bushe a zafin Kano yana tsagewa ya fesa mai a kan inji mai zafi. Tayoyi ko da zanensu bai goge ba sun mutu. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, in kuwa uku ka gani to kafin 2000 aka yi tayar. Ga ɓeraye da ke sheƙa bayan dashbod suna cin waya.

Mafi tsada a cikinsu sarƙar taimin ce. 380SL na Amurka daga 1981 zuwa 1983 da sarƙa mai layi ɗaya suka fito, sai a 1984 kamfanin ya koma mai layi biyu. Robobin da sarƙar ke gudu a kansu suna bushewa su yi kamar ƙanzo. Ɗaya ya ɓalle, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul su ci karo da fistin, inji ya tashi aiki cikin ƙiftawar ido. Saboda haka in ka ga bakaniken da ya zo da batir da galan ɗin fetur yana cewa "bari mu ji muryarta", ka riƙe hannunsa. Wannan gangancin ya kashe injuna masu yawa da suka tsira shekara da shekaru. A cire fulogi takwas, a ɗiga baƙin mai a kowane rami, a juya injin da sifana a hankali. A buɗe murfin bawul a ga sarƙa da robobinta da ido. A juye tanki, a canza mai da filta. Bayan nan a gwada matsin kowace silinda, kada bambancin babba da ƙarama ya wuce kashi 10 cikin 100. In mai motar ya hana wannan, ka yi mata kuɗin motar da injinta ya mutu.

Jiki ya fi inji muhimmanci, don inji ana gyara shi ya dawo, ruɓaɓɓen ƙarfe kuwa aikinsa ba ya ƙarewa. Busasshiyar iskar Arewa tana taimakawa, amma yawancin waɗannan motoci sun yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko sun zauna a Legas. A hau da ita rami. Dubi wuraren kafa jak, ƙasan but, ramin da ake naɗe rufin tamfol, da ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, wanda aka san shi da tsagewa. Sannan a kwance murfin fankar hita da ke ƙasan gilashin gaba ta cikin bonet. Nan ne ciwon wannan ƙirar yake, ruwa ya kwanta ya ci bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, kuma gyaransa sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Ɗaga kafet ka shafa. Bi jikin da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa fila ce aka shafe da fenti.

Kuɗin da dillali ya nuna maka na nema ne. Kai wanda aka biya za ka duba. Shafin gwanjo na Bring a Trailer yana barin sakamakon motocin da aka sayar da hotunansu, Hagerty kuma, kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Amurka, yana raba daraja hawa 4, daga ta baje koli zuwa mai lalura. Motar da ba ta tashi ko hawa na 4 ba ta kai ba. Ka tabbata 380SL kake kwatantawa, don 560SL ta 1986 zuwa 1989 da 500SL sun fi ta kuɗi nesa, kuma su dillalai suka fi son nunawa. An ƙera wannan jerin na SL sama da 237,000 daga 1971 zuwa 1989, ba abin da za a ce babu irinsa ba ne. Ɗauki 380SL guda biyar da aka sayar a shekarar nan masu tafiya lafiya, ka riƙe farashin na tsakiya. Cire kuɗin taya, birki gaba ɗaya, tanki da famfo da marabin mai, sarƙa da robobinta, lagireto, tamfol da robobin ƙofa, da lissafin dala da kuɗin jirgi, don ba lallai ka same su a Kofar Ruwa ko Panteka ba. Ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan jimlar gyaran saboda abin da zai ɓullo. Abin da ya saura shi ne iyakar tayinka. In babu rufin ƙarfen da ake ɗorawa a cire, ko an dasa mata injin wata mota, ko an cire K-Jetronic an ɗaura kafireto, sake ragewa sosai.

Dukiyar gado ce, akwai haƙƙin marayu a ciki, don haka kada ka yi musu tayin wulaƙanci, ka ajiye musu lissafin a rubuce su gani. Kada ka biya sai ka ga takardar kwastam da lambarta ta dace da shasi, da amincewar dukkan magada a rubuce gaban shaidu. In ciniki ya faɗa, a kan babbar mota za a ɗauko ta zuwa gareji, kada ka yarda wani ya tuƙo maka ita ko da tsallaken titi ne.