Tambaya da Amsa: Kwamfutata Mai Sanyaya da Ruwa Tana Ɗaukar Zafi Har Ta Mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake tace bidiyon biki da ita. Furosesarta, wato ɓangaren da ke yi mata duk lissafi, Intel Core i7-6700K ce, kuma da ruwa ake sanyaya ta, irin rufaffiyar na'urar nan mai tiyo biyu da lagireto mai fanka biyu. Tun 2017 take aiki, ba a taɓa buɗe na'urar ba. Yanzu ko ba na komai zafinta yana kai digiri 65, da na fara fitar da bidiyo sai ya haura 95, fankoki su yi ta ruri, wani lokaci ta mutu da kanta. Mai gyara ya sake mata man furosesa, wato man da ake shafawa tsakaninta da na'urar sanyaya don zafi ya wuce, bayan kwana biyu abin ya dawo. Furosesar ce ta lalace? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka game da furosesar, da wuya a ce ita ce. Iyakar zafinta digiri 100 ne, kuma idan ta kusa kaiwa nan takan rage gudu da kanta, in abin ya ƙi ta kashe kwamfutar don ta tsira. Mutuwar da kake gani kariya ce. Abin da ya fi jan hankalinmu a wasiƙarka shi ne digiri 65 ba tare da aiki ba. Ko a watan Afrilu, ɗaki yana digiri 35, bai kamata furosesa mai hutawa ta wuce arba'in da 'yan kai ba. Busasshen mai shi kaɗai ba ya kawo irin wannan. Zarginmu ya fi ƙarfi a kan cewa ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Aikin na'urar mai sauƙi ne. Farantin jan ƙarfe yana zaune a kan furosesa, a bayansa akwai siraran tsagogi masu yawa da ruwa ke ratsawa ya kwashi zafi. Ƙaramin famfo, wanda galibi a kan farantin yake, yana tura ruwan ta tiyo zuwa lagireto, fankoki su huce shi ya dawo. Shekaru suna cin wannan tsari ta hanya uku. Famfo yana gajiya. Ruwa yana raguwa ko da babu ɗiga, domin yana tsatsafowa ta jikin robar tiyo kaɗan-kaɗan ya bi iska, sai iska ta maye gurbinsa. Na uku kuma, wanda mutane ba su cika sani ba, farantin na jan ƙarfe ne amma lagireto na alminiyam, kuma idan waɗannan biyun suna cikin ruwa ɗaya sai alminiyam ya riƙa cinyewa. Akwai sinadarin hana tsatsa a ruwan, amma ƙarfinsa yana ƙarewa, daga nan dauɗa ta taru ta toshe tsagogin nan. Garantin da manyan kamfanoni ke ba irin waɗannan na'urori yawanci shekara biyar ne ko shida, taka kuwa ta wuce nan.

Kafin ka sayi komai, ka gano wanne ne a ciki. Sauke manhajar HWiNFO64, kyauta ce, ka buɗe ɓangaren ma'aunai ka kalli zafin furosesa lokacin da ka sa ta aiki. Yanayin hawan zafin yana faɗin abubuwa da yawa. Idan cikin 'yan daƙiƙu ya yi tsalle zuwa casa'in, zafin ba ya barin farantin ke nan: ko famfo ya tsaya, ko tsagogi sun toshe, ko farantin bai zauna daidai ba. Idan kuwa a hankali yake hawa, sai bayan minti goma sha biyar ko ashirin ya kai maƙura, to ruwa yana zagayawa, lagireto ne ba ya iya fitar da zafin, kuma wannan aikin ƙura ne ko fanka.

Sai ka duba gudun famfo. Sake kunna kwamfutar, danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na tushe, ka nemi inda ake nuna gudun fankoki. Wayar famfo tana maƙale ne a soket mai suna CPU_FAN ko AIO_PUMP ko CPU_OPT, ya danganta da madabod ɗinka, wato babban allon da duk sassan kwamfutar ke haɗe a kansa. Yawancin waɗannan famfuna suna juyi tsakanin 2,000 da 3,000 a minti. In ka ga sifili, kada ka yanke masa hukunci tukuna: kashe wuta, ka tabbatar wayar ta shiga sosai, in yana shan wuta ta wayar SATA ka sauya masa wata, ka kuma gwada shi a wani soket na fanka. A tsohuwar kwamfuta akwai wani abu da ke yaudarar masu gyara. Ƙaramin batirin madabod, CR2032, idan ya mutu sai saitin BIOS ya koma na asali duk lokacin da aka cire wuta, kuma saitin asalin yana iya ɗaukar famfo a matsayin fanka ya riƙa rage masa gudu. In agogon kwamfutarka yana ɓata bayan an ɗauke wuta, sauya batirin, sannan ka sa soket ɗin famfo ya tsaya a kan kashi 100 kullum.

Sauran binciken da hannu da kunne ne. Kwamfuta tana aiki, ɗora yatsa a kan famfo, ya kamata ka ji ɗan kaɗawa. Taɓa tiyo biyun. A lafiyayyar na'ura ɗuminsu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai yadda hannu zai gane sosai ba. Idan ɗaya ya yi zafi ƙwarai kusa da famfo, ɗayan kuma da lagireto suna da sanyi, ruwa ba ya tafiya. Idan allo yana nuna famfo na juyi lafiya amma tiyon haka suke, toshewa ce, kuma a na'ura mai irin shekarun taka ita muka fi zargi. Ƙarar ɓulɓul ko ƙara kamar ana niƙa tana nufin iska ta shiga famfo. Ka kishingiɗar da akwatin a hankali ta yadda lagireto zai zama a sama da famfo, ka bar shi minti kaɗan. In zafi ya sauka nan take, ruwa ne ya ragu. Iska kullum sama take nema, saboda haka bai kamata famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ba. Lagireto a rufin akwati ya fi, in kuma a gaba yake, samansa ya ɗara famfo tsayi, kuma zai fi kyau bakin tiyo ya kasance a ƙasa.

In ƙura ce, ka yi sa'a. Ƙurar hunturu tana dannewa tsakanin fanka da lagireto, inda ido ba ya gani sai an kwance fankokin. Kwance su, ka share da buroshi mai laushi, ka hura da bulowa, ka haska fitila ta baya ka ga haske yana ratsawa. Ka riƙe fiffiken fanka da yatsa lokacin hurawa kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Wajen mayar da noti ka kula: masu tsawo na fanka ne, in ka sa su inda gajeru suke za ka iya huda lagireto.

Game da man da aka sake, tunda an riga an cire farantin, ka tabbatar an mayar da shi daidai. A goge tsohon mai da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, irin su Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1, sannan a ɗaure noti huɗun a gicciye, kowanne kaɗan-kaɗan har su kama tare. A leƙa bayan madabod kuma, domin farantin baya na roba yakan saki idan ya tsufa.

In bincike ya nuna famfo ko toshewa ko ƙarancin ruwa, shawararmu ita ce ka sauya na'urar gaba ɗaya. Furosesarka wat 91 aka rubuta mata, kuma na'urar iska mai kyau ta ishe ta, irin Cooler Master Hyper 212 ko Thermalright Peerless Assassin 120. Babu famfon da zai mutu, babu ruwan da zai ƙafe, in fanka ta lalace a sauya ta kawai. Ka tabbatar tana da maɗaurin soket LGA1151, wato irin mazaunin furosesarka, ka kuma auna faɗin akwatinka, domin tsayin irin waɗannan yana kai milimita 155 zuwa 160. Kafin nan kada ka ci gaba da fitar da bidiyo a digiri 95.

Tambaya: Lagireton kwamfutata ya rage ruwa, ina jin motsinsa idan na girgiza. Zan iya buɗewa in ƙara masa fiyawata ko ruwan lagireton mota? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Fiyawata, ruwan famfo da na rijiyar burtsatse duk kada ka kusance su, ɗan'uwa. Suna ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a tsagogin farantin, kuma suna hanzarta tsatsa. Ruwan cikin waɗannan na'urori tataccen ruwa ne da aka gauraya da sinadarin glycol da maganin tsatsa. In ba makawa sai ka ƙara, nemi ruwan da aka haɗa musamman don kwamfuta, wanda aka rubuta ya dace da alminiyam da jan ƙarfe tare. Na mota danginsa ne, amma mai kaurin da ba a sirka ba ya yi wa ƙaramin famfon nauyi. Ruwan batir da ake sayarwa wajen masu kayan mota ma a yi hattara, kada a ba ka mai asid.

Amma ka sani yawancin rufaffun na'urori ba a yi su don a buɗe ba. Sai ka cire farantin jan ƙarfe, ka wanke tsagogin da buroshin haƙori, ka ɗauraye lagireto har ruwa ya fito garau, ka cika ta bakin famfo kana jijjigawa iska ta fita, ka mayar da zoben roba yadda yake. Zoben da ya shekara bakwai a matse ba lallai ya sake kamawa ba, kuma ɓarnar ɗiga ɗaya a kan katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoto, ta fi kuɗin sabuwar na'ura. In ka yi, gwada ta a waje, nesa da madabod: shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta, ka ba famfo wuta shi kaɗai, ya yi aƙalla awa 12 kana dubawa ko takardar ta jiƙe.

Tambaya: Sabuwar na'urar ruwa na sa, famfo yana aiki, amma ƙwaƙwalwa ɗaya a cikin huɗun da ke cikin furosesar ta fi sauran zafi da digiri 15. Core i7-4790K ce. Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Fara da cire farantin ka duba ko an manta da siririyar ledar da ke manne a ƙasan sabuwar na'ura, ka kuma kalli yadda mai ya bazu. In gefe ɗaya ya fi kauri, ɗaurin ne ya karkace. In duk wannan lafiya, matsalar tana ƙarƙashin murfin furosesar. A wannan samfurin na 2014, irin wannan man ne kamfanin Intel ya sa tsakanin ƙwayar furosesar da murfinta, ba dalma ba, kuma shi ma yana bushewa. Ana iya ɓalle murfin da na'ura ta musamman a sake man, amma kuskure kaɗan yana kashe furosesar, don haka kada a gwada da reza. In mafi zafin cikinsu ba ta wuce digiri 85 a lokacin aiki mai nauyi, ka bar ta haka. In tana wucewa, cire duk wani ƙarin gudu da aka yi mata a BIOS, ka rage mata wuta da bolt 0.05, ka gwada ta da aiki mai nauyi na awa guda ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta.