Lambar da ke jikin injin Peugeot 504: me take faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Peugeot 504, ina so in tada ta. Injinta ya mutu, an kawo mini wani daga Kano. Mai sayarwa ya rantse ɗan Faransa ne, ba haɗin Kaduna ba, har ya nuna mini wasu lambobi da suka taso a gefen bulok, wato gangar injin. Yaya zan gane gaskiyarsa kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan baba, ya sa aljanna ce makoma. Na ji daɗi da ba ka miƙa motar nan ga masu sayen ƙarfe ba.

Lambobin da aka nuna maka ba su ne shaidar injin ba. Rubutu iri biyu ne a jikin bulok. Wanda ya taso, wanda yatsa ke jin tudunsa, tun wajen zubi ya fito, lokacin da aka zuba narkakken ƙarfe a mazubi. Lambar mazubin ce, kuma duk bulok ɗin da ya fito daga cikinsa yana ɗauke da ita. Na biyun shi ne wanda aka buga da ƙarfe a wani ɗan fili mai santsi, haruffan sun nutse ciki. Wannan ita ce lambar injin kansa. Yawanci baƙin mai da ƙurar hunturu sun binne ta. Wanke wurin da kananzir da buroshi, goga alli a kai, sannan ka haska tocila daga gefe. Don Allah kada ka bari yaron garaji ya sa injin gurza ƙarfe a wurin. Haruffan ba su da zurfi, kuma wurin da aka gurza kama yake da na injin sata.

Zancen Faransa da Kaduna kuwa, a nan masu sayarwa ke cin kasuwa. An fito da 504 a 1968, Faransa ta daina yin ta ta fasinja a 1983, masana'antar Peugeot ta Kaduna, wato PAN, da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Amma mafi yawan kayan daga Faransa ake kawo su, a ɗaura a Kaduna. Saboda haka ana samun motar Kaduna da bulok zubin Faransa, kuma tambarin zaki a jikinsa ba ya nuna inda aka ɗaura shi. Wadda ke nuna asalin mota ita ce lambar sasi, wadda ke kan ɗan farantin ƙarfe a jikin motar da kuma kat giris, wato takardar mallakar mota. Idan mai haruffa 17 ce ta fara da VF3, to VF na nufin Faransa, 3 kuma Peugeot. Wannan shaidar gangar mota ce, ba ta bin injin da aka ciro.

Ni abin da ya fi damuna a cinikinka shi ne irin injin. Na fetur da aka fi samu a 504 gida biyu ne (cc ma'aunin girman inji ne): XM mai cc 1796, wanda aka ci gaba da shi da sunan XM7, da XN1 mai cc 1971. A ido kamar tagwaye suke, duka a kishingiɗe, bulok na baƙin ƙarfe, kilas, wato kan injin, na alminiyam. Bambancin yana cikin faɗin ramin fistan: milimita 84 a ƙaramin, 88 a babban. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin babba ya tafi da ƙarami, bai farga ba sai da ya ɗauki kaya ya kama hanyar Dakoro, mota ta kasa ja. Na gazuwal, irin su XD2 mai cc 2304, ba ya ɓuya, famfon mansa ya isa shaida.

Idan ka ga lambar da aka buga, duba layinta. Bugun masana'anta a miƙe yake, zurfin haruffa ɗaya, tazara ɗaya. Harafi ɗaya ya karkace, ko filin ya fi kewayensa ƙyalli ko zurfi, an goge an sake bugawa ke nan. Irin wannan ka bar shi komai arharsa, kada ya ja maka tsayuwa wajen jandarma ko duwan a Ɗan Isa.

Ka je da makanikenka, ka ce wa mai sayarwa za a ɗaga kilas a auna rami a gabansa, kuɗin gasket a kanka. A nan za ku ga ko shemis, wato bututun da fistan ke gudu a ciki, ya ci, abin da lamba ba ta faɗa. Idan kun shirya, a rubuta lambar da aka buga a takardar ciniki, shi da shaidu biyu su sa hannu, kai kuma ka ɗauki hotonta da wayarka kafin a ɗora injin a mota.