A karɓi aikin mutanen unguwa a ɗakin baje kolin jami'a?

Malama, kin tambaya ko ƙaramin ɗakin baje kolin zane-zane na jami'arku ya riƙa karɓar aikin masu fasahar unguwa, ko a bar shi ga ɗalibai da malamai kawai. Ni dai ina ganin ku karɓa, amma don Allah kada ku ware musu bango daban. Da zarar an ce nan ɓangaren 'yan waje ne, mai kallo ya gama yanke hukunci tun bai ɗaga ido ba. Ku jera ayyukan bisa jigo, zanen ɗalibar aji uku kusa da na dattijon da ya daɗe yana rubuta allunan shaguna. Katin bayani iri ɗaya ga kowa: suna, shekara, da kayan da aka yi aikin da su.

Wajen ratayewa, tsakiyar zane ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Aikin takarda da na fentin ruwa ba sa jure haske, rana na cinye musu launi, don haka a nisanta su da taga.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar shiga. Mutumin unguwa ba zai ratsa masu gadi yana neman ɗaki a bene ba sai an gayyace shi. Ku kai gayyata hannu da hannu, ku sa bikin buɗewa ranar hutu. Sannan a rubuta yarjejeniya: ranar karɓa, ranar mayarwa, da wanda zai biya idan aiki ya lalace.