Me ya sa 'yan sanda ke ɗaukar wanda aka kama hoto ta gaba da ta gefe?

Tambaya: Malam, idan an kama mutum a Turai ko Amurka, hotonsa biyu ake nunawa, ɗaya yana kallon kyamara, ɗaya ta gefe. Wa ya ƙirƙiro wannan, kuma mene ne amfanin na gefen?

Amsa: Aikin wani Bafaranshe ne, Alphonse Bertillon, wanda ya shiga hedikwatar 'yan sandan birnin Faris a 1879 a matsayin ƙaramin akawu.

A da Faransa na yi wa masu laifi lalas da ƙarfe mai zafi, ta daina a 1832. Daga nan gane tsohon mai laifi ya zama aiki. An koma ɗaukar hoto, amma kowane mai hoto da salonsa, wani an ɗauke shi da hula, wani a karkace, wani cikin duhu. Hotuna suka taru dubbai, an jera su bisa suna. Ɓarawo ya canza suna kawai, katinsa ya ɓace.

Bertillon ya lura cewa ƙashin wanda ya gama girma ba ya canzawa. Sai ya tsara awo 11, ciki har da tsawon kai da faɗinsa, yatsan tsakiya na hagu, tafin ƙafar hagu da kunnen dama. Kowane awo aka kasa shi uku, ƙarami, matsakaici da babba, aka jera katuna bisa haka. Ko mutum ya yi ƙaryar suna, awonsa zai kai jami'i durowar da katinsa yake. A Fabrairun 1883 dabarar ta fara tona asirin wani da ya dawo da sunan bogi.

Hoton kuwa a 1888 ya daidaita shi: kujera ɗaya, tazara ɗaya, haske ɗaya. Na gefen ya fi ba wa muhimmanci. Gemu, ƙiba, rama ko murtuke fuska duk suna sauya kamannin mutum ta gaba, amma gangaren goshi, ƙirar hanci da lanƙwasar kunne suna nan yadda suke.

Raunin awon a hannun mai awo yake. Wannan ya matse ma'auni, wancan ya sassauta, mutum ɗaya ya fito da lamba biyu. Kuma ɓarawo ba ya barin tsawon kansa a inda ya yi sata, zanen yatsa yake bari. A 1892 aka kama mai kisa da zanen yatsa a Ajantina, bisa tsarin wani jami'in 'yan sanda na can, Juan Vucetich. A Kalkata ta Indiya, Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin rarraba zanen yatsa ƙarƙashin Baturen shugaban 'yan sanda Edward Henry, ko da yake sunan Baturen tsarin ya ɗauka, wanda a ganina rashin adalci ne. 'Yan sandan Landan suka rungume shi a 1901.

Awo ya mutu, hoton biyu ya rage. Bertillon bai taɓa sakin jiki da zanen yatsa ba har ya rasu a 1914, alhali da zanen yatsan ya gano wani mai kisa, Henri Scheffer, a 1902.