Saba biyu a kan LUN ɗaya, fayiloli na ɓacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta a nan Tumfure, Gombe. Mun sayi NAS, wato akwatin ajiyar bayanai da ake haɗawa a netwok, mai had dis huɗu, na yanka LUN (wani yanki na ajiyar da kwamfuta ke gani kamar faifai guda) na tera 2, na haɗa shi da sabobinmu (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) biyu masu Windows Server ta iSCSI (hanyar haɗa faifai ta netwok), na yi masa fomatin da NTFS, tsarin jera fayiloli na Windows. Sati uku lafiya lau, yanzu kuma abin da na ajiye ta saba ɗaya ba ya fitowa a ɗayar, jiya ma foldar sakamakon jarabawa ta ƙi buɗuwa, Windows na cewa in yi chkdsk, umarninsa na duba faifai da gyara shi. Wani injiniya ya ce bairos ne. Wallahi hankalina a tashe yake, ga ƙarshen zango ya zo.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin ka ƙarasa karanta wannan, je ka cire haɗin LUN ɗin daga sabobin duka biyu, kuma kar ka taɓa chkdsk tukuna. Ba bairos ba ne, kar ka ba wannan injiniyan ko sisi.

Abin da ka yi shi ne kuskuren da kusan kullum sai an kawo min shi, har na gaji da maimaitawa. Mutane sun ɗauka iSCSI wani irin sharin ɗin folda ne mai sauri, alhali abin da yake miƙo maka ta fot 3260 ɗanyen faifai ne, tubali-tubali, kamar ka soke had dis a cikin sabar da hannunka. NAS ɗin bai san mene ne fayil a cikin LUN ɗin nan ba, an ce ya rubuta a tubali kaza sai ya rubuta, ko wa ya ce. Shi kuma NTFS an gina shi ne a kan cewa shi kaɗai ke da faifan, yana riƙe lissafin wuraren da babu kowa a cikin RAM ɗinsa, ba ya komawa ya duba ko wani ya shiga.

Ka ɗauka sito ɗaya ne a Tudun Hatsi, yaran shago biyu kowa da makullinsa kowa da littafinsa, kuma ba sa magana da juna. Na farko ya jera buhunan masara a kusurwar gabas ya rubuta a nasa littafin, na biyu ya duba nasa ya ga kusurwar gabas fili ce, sai ya sa aka kwashe abin da ke wurin aka zuba wake. Kowa a littafinsa daidai yake. Sati ukun da ka ce lafiya lau, sa'a ce kawai ba su yi karo a wuri ɗaya ba, ɓarnar tana tafiya a ƙasa tun ranar farko. Ext4 da XFS, takwarorin NTFS a Linux, ma haka suke, kar wani ya ce maka laifin Windows ne.

Abin da ke ƙona min rai, Windows Server kan bar irin wannan faifan a kashe idan ya fara ganin sa, da gangan, don kare ka daga wannan masifar, amma sai ka ga mai gyara ya danna masa online da ƙarfin tsiya, ya ga harafin E ya fito a duka biyun, ya karɓi kuɗinsa ya hau mashin ya tafi. Wasu har cewa suke ai in saba ɗaya karatu kawai take yi babu matsala. Akwai matsala, domin Windows na yin nasa rubuce-rubucen a faifai da zarar ya ɗora shi ko kai ba ka ajiye komai ba, kuma mai karatun tsohon lissafi take gani. Wasu kuma su ce ai akwai RAID, tsarin da ke rarraba bayanai a kan had dis da yawa. RAID mutuwar had dis yake tarewa, shirmen da aka rubuta kuwa tsaf zai adana maka shi a kan faifan huɗun.

To yanzu ceto. In NAS ɗinka na ɗaukar sinafshot, wato hoton bayanai da za a iya komawa gare shi, ɗauki na LUN ɗin yadda yake. Sannan ka haɗa saba ɗaya tak, ka shiga diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai, ka sa faifan a karatu zalla da attributes disk set readonly kafin ka kunna shi, ka kwashe duk abin da ya buɗu zuwa wani had dis na daban, sakamakon yaran nan farko. Sai bayan nan ne za ka gwada chkdsk, domin shi tsarin faifai yake gyarawa ba ruwansa da abin da ke cikin fayil, yana iya yayyanka maka folda ya zuba a found.000 ka rasa kai da gindi.

Tunda buƙatarka sabobi biyu su ga fayiloli iri ɗaya, ba ka ma buƙatar iSCSI a nan. Buɗe folda ta SMB, wato sharin ɗin folda da aka saba, a NAS ɗin, shi zai riƙa tsare wa ya buɗe wa ya rufe. In kuma dole sai LUN ɗaya, sai da tsarin da aka gina don tarayya, irin su CSV na kulastar Windows (sabobin da aka haɗa su yi aiki tare), VMFS na VMware ko GFS2 a Linux, ni dai ban ga makaranta mai saba biyu da ke buƙatar wannan ɗawainiyar ba. Mafi sauƙi kowace saba da nata LUN, kuma a taget ɗin, wato ɓangaren NAS da ke miƙa LUN, ka rubuta IQN (sunan shaida na iSCSI) ɗin sabar da aka yarje wa kaɗai, ka sa CHAP, tsarin suna da kalmar sirri, amma ka sani shi tantancewa kawai yake, ba ya ɓoye bayanan da ke bin waya. Don haka ba iSCSI ɗin suwic (akwatin haɗa wayoyin netwok) nasa ko VLAN daban, wato keɓaɓɓen layi a cikin suwic, kar ya bi layin da ɗalibai ke kallon YouTube.

Suwic ɗin nan kuma ka ɗora shi a kan UPS tare da NAS ɗin, domin in aka ɗauke wuta ya mutu kafin janareta ya tashi, a wurin sabar daidai yake da an fizge mata had dis tana tsakiyar rubutu.