Tambaya da Amsa: Kafin ka ba ɗan kwangila aikin gidanka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a Kumbotso, ina son gina gida mai ɗaki uku da falo. Wani ɗan kwangila ya ce in ba shi rabin kuɗin aikin a matsayin kafin alƙalami. Me ya kamata in sani kafin mu ƙulla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin kuɗi ya yi yawa, kada ka bayar. Fara da takardu tukuna: shaidar mallakar fili, zanen gini, da izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, tunda a Kano kake. Sannan a rubuta maka lissafin kaya dalla-dalla, siminti buhu nawa, rodi nawa, bulo nawa. Wanda ya yanka maka farashi da baki, a tsakiyar aiki zai dawo neman ƙari.

Biya ya bi matakin aiki: harsashi, linta, rufi, sai filasta da sauran ƙarashe. Ka riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin har wata shida bayan an gama, zai fi kyau damina ta ratsa ciki, don ita ke tona asirin rufi.

Inda aka fi cutar masu gida shi ne abin da ake binnewa. Kada a zuba kankare sai injiniyanka, wanda kai kake biya, ya duba zurfin rami da kaurin rodi. Ana rubuta mai milimita 16 a sa mai 12. Haɗin kankaren ginshiƙi da linta yawanci 1:2:4 ne, wato buhun siminti ɗaya (kwanon sarki biyu ke nan), kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Leburori kan cika ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi, hakan kuwa kashe ƙarfin kankare yake yi. Bayan zubi a yi ban ruwa aƙalla kwana 7; cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Bulo ma ka sa ido. Buhu ɗaya ya fitar da kamar 30 zuwa 35 na inci tara. Idan an buga 50, da hannu ma za ka marmashe shi.

Kada a manta da shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓen ƙasa, ita ke hana danshi hawa bango ya ɓare fenti. Kafin ka sa hannu kuma, je ka ga gidan da ɗan kwangilar ya gina shekara biyu ko uku baya, ka tambayi mai gidan ba a gabansa ba.