Hukuncin Gyara Suna da Shekarar Haihuwa a Takardar Sallamar Tsohon Soja Bayan Rasuwarsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ɗan mazan jiya ne, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Da muka je neman ragowar fanshonsa sai aka ce takardu sun saɓa. A takardar sallamarsa sunan baffansa da ya riƙe shi aka sa a gurbin sunan uba, alhali a katin ɗan ƙasa da banki sunan mahaifinsa ne. Shekarar haihuwar ma ba ɗaya ba ce. Yayanmu ya ce mu yi takardar rantsuwa a kotu cewa abin da ke takardar soja shi ne daidai, a wuce wurin. Gwaggonmu kuma ta ce a bar mamaci ya kwanta, tonon asiri ne. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Ɗana, gyaran ya halatta, kuma a halin da ka siffanta ya zama wajibi, domin haƙƙin magada ya rataya a kansa, a cikinsu wataƙila akwai matar mamaci ko yara ƙanana. Malaman usulu suna cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Sai dai gyaran da shari'a ta sani shi ne a mayar da takarda ga gaskiya. Abin da yayanka ya kawo kuwa jawo gaskiya ne ta bi takarda, wannan bai halatta ba.

Bari in fara wanke mahaifinku. Kafin yaƙin 1967 sojojin Najeriya ba su wuce kimanin dubu 10 ba, amma zuwa 1970 sun kai wajen dubu 250. An ɗebi kurata cikin gaggawa, da yawansu ba su da takardar haihuwa, magatakarda kuma yana rubuta abin da kunnensa ya ji. A tambayi yaro sunan ubansa, ya faɗi sunan wanda ya riƙe shi, don shi yake kira Baba tun yana ƙarami, ko don kunyar ambaton sunan mahaifi, wadda mu Hausawa mun san ta. Wani kuma sunan garinsu aka liƙa masa, yadda aka san Malam Aminu da Kano, aka san Shehu da Shagari. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. A cikin ayar kuma ya ce babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai abin da zukatanku suka yi da gangan. Ga Miƙdad, sahabin da ya halarci Badar: sunan mahaifinsa Amru, amma har yau littattafai suna ce masa ɗan Aswad, sunan wanda ya riƙe shi, saboda da shi ya shahara, kuma kowa ya san asalinsa. Don haka ka faɗa wa gwaggonka, cikin ladabi, babu asirin da za a tona. Mayar wa mutum sunan ubansa girmamawa ce, kuma tana cikin biyayyar da ta rage wa 'ya'ya bayan iyaye sun kwanta dama.

Wannan uzurin kuwa bai kai kanku ba. Ku kun san sunan kakanku. Idan kuka sa hannu cewa baffa shi ne uba, kun fita daga babin kuskure kun shiga na ganganci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Ku ba kanku kuke jinginawa ba, amma kuna shaidar zur a kan nasaba. A hadisin Abu Bakra, Annabi yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan maganar zur da shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Na san abin da ake faɗa a bakin kotu, inda masu buga takardu suke zaune ƙarƙashin bishiya da na'urarsu: "Ai takarda ce kawai, ba Alƙur'ani za ka dafa ba." Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ta sa mutanen kirki, masu sahun farko, suna sayen ƙarya da kuɗin hatimi. Idan takardar ta ƙunshi rantsuwa da Allah a kan abin da ka san ƙarya ne, ita ce rantsuwar gamusu, mai dulmuya mai ita cikin zunubi. A mazhabar Malik ba ta da kaffara, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, sai tuba da mayar da haƙƙi. Idan babu sunan Allah a ciki, ba ta fita daga zur ba. Hatimin kotu kuma ba ya wanke ta. A hadisin Ummu Salama, Annabi ya ce yana hukunci ne da abin da ya ji, wanda ya yanke wa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa, yanki na wuta ya yankar masa.

Hanya mai tsabta tana nan, kuma ita ma da takardar rantsuwar ake bin ta, amma ta gaskiya. Ku rubuta cewa mai suna kaza a takardar sallama da mai suna kaza a katin ɗan ƙasa mutum ɗaya ne, wane mahaifinsa ne, wane baffansa ne da ya riƙe shi. Ku kafa da lambarsa ta soja, domin suna yana maimaituwa a bariki, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Ku haɗa da hotonsa cikin kaki, da shaidar rasuwa, da wasiƙar dagaci ko hakimi, ku miƙa ga Hukumar Fanshon Soji da ke Abuja, a nemi a gwada da fayil ɗinsa na ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja. Kada ku kankare ko ku ƙara ko da harafi ɗaya a takardar asali da hannunku. Ba a buƙatar wanda ya ga haihuwarsa da ido, domin malamai sun karɓi shaidar ji a babin nasaba, wato abin da ya yaɗu a gari har ba a musunsa. Dattawan unguwa da abokan aikinsa na ƙungiyar 'yan mazan jiya sun wadatar, kuma wanda aka kira ya zo shaida ba shi da ikon noƙewa, saboda ayoyi na 282 da 283 na Suratul Baƙara.

Shekarar haihuwa ta fi sauƙi. Kada ku rantse a kan abin da ba ku sani ba. Idan kuna da hujja, kamar rajistar makaranta ko sa'anninsa da aka san shekarunsu, ku kawo. Idan babu, ku faɗa wa hukuma cewa duka biyun kintace ne, ta ɗauki wadda dokarta ta dogara da ita. Ko da ya tabbata ya ƙara shekaru don a ɗauke shi, aikin ya yi, ya sa ransa a gaba, ku nema masa gafara ku wuce.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma a nan rigima take tashi a gidaje da yawa. Fanshon da ya taru masa kafin rasuwa dukiyarsa ce, gado ne. A cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba yadda Allah ya raba. Wanda mamaci ya rubuta a matsayin makusancinsa wakili ne mai karɓa, ba shi kaɗai ke da kuɗin ba. Abin da hukuma ta ware wa wani da sunansa bayan rasuwa, kamar matar mamaci ko karatun yara, wannan yana bin sharaɗin wanda ya bayar. Kafin ku kai takardu, ku zauna da yayanka da sauran magada gaban shaidu biyu, a rubuta wanda aka wakilta da abin da aka wakilta shi a kai.

Allah ne mafi sani.